Giyar Gaba Ta Rasu, Ba Suma Ba Ce

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma jaririya a cinya, ai kun ji dai, mace ce, gashi har goshi, wallahi sai kun ga 'yan yatsunta, ni da Abbanta muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk masu jirage na bakin ruwa rasuwar Giyar Gaba ta jirginmu. Ta rasu ranar da na haihu, da hantsi, bayan doguwar jinya a hannun Yaya Babba, wan mijina, wanda yake kiran kansa bakanike. Kar ku ga rubutun ya karkace, da hannu ɗaya nake yi, ɗayan yana tallafe da mutuniyar.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, injin jirginmu a ciki yake, ƙafarsa ce take waje ta baya, inda farfela take. A cikin ƙafar nan ta yi duk rayuwarta, tsamo-tsamo cikin mai, ba ta taɓa ganin rana ba kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Mai ladabi ce. Abban Bebi da yatsa biyu zai tura sandar giya, sai ka ji "ƙwas," shi ke nan mun tafi. Ta ɗauki buhuna, ta ɗauki 'yan makaranta, ta ɗauke ni duk awon cikin nan zuwa asibitin tsallake, ko sau ɗaya ba ta sa na bi ƙarshen layi ba.

Lafiyarta ƙalau, jama'a, ku shaida. Wata 'yar roba ce mai hana ruwa shiga ta tsage. Roba kawai! Na ce wa Abban Bebi ya kai gareji, ya ce Yaya zai ji ba daɗi. Sai ga Yaya da akwatin sifanu, ya cire ƙafar gaba ɗaya, ya shimfiɗa ta kan tabarmata, ya mayar. Da ya gama na tsinci wani ɗan ƙarfe da noti biyu a ƙarƙashin tabarmar, na miƙa masa da hannu biyu cikin girmamawa. Ya jujjuya, ya jefa aljihu, ya ce, "Amarya, waɗannan ƙari ne. Kamfani ke sa su don ado."

Daga ranar "ƙwas" ta ɓata. A tura sanda, sai ta tsaya tunani, sannan "kar-kar-kar," kamar tsoho yana tauna tsakuwa. Yaya ya ce kebur ne, ya rage masa tsawo. Sai ta koma in an sa giya injin ya mutu. Ya ce kebur ne dai, ya ƙara masa tsawo. Sai ya zama sanda tana tsakiya, jirgi kuma yana tafiya shi kaɗai, har ya je ya sumbaci jirgin maƙwabcinmu. Ya ce mai ne. Aka canza mai. Ya ce sabon gyara ne, sai ta saba. Ni kuma cikina ya yi ƙasa, kowa yana gani, ina cewa a gwada ta sosai kafin ranar haihuwa, ana ce mini in kwantar da hankali, mai ciki ba ta son damuwa.

To ranar ta zo. Ina shanya na ji abin ya kama ni ta baya. Innata ta ɗauko jaka, aka riƙa ni har cikin jirgi. Abban Bebi ya tayar da inji, ya tura sanda. "Kar-kar-kar." Ya dawo da ita, ya sake turawa. "Karrrr," sai wani "ƙyas" siriri, sai shiru. Kalmarta ta ƙarshe ke nan a duniya. Inji yana ta ihu, farfela ko motsi. Babu jirgi ko ɗaya a gaɓa, duk sun fita, ruwa kuma ya fara jan mu. Na ce masa abin da ban taɓa ce masa ba tun da aka ɗaura mana aure, ba zan rubuta a nan ba saboda yara suna karantawa. Ya ja sanda baya. Ribas ta shiga.

Da baya muka ƙetare, jama'a. Da baya! Abban Bebi ya murɗe wuya kamar mai leƙen maƙwabta, ruwa yana hawowa ta bayan jirgi, Inna tana kwalfewa da kwanon da ta zubo mini abinci, tana salati tana zagin zuriyar sifana. Ni ina kwance kan buhu ina kallon gidanmu yana ƙanƙancewa. Masunta suna ɗaga mana hannu suna dariya, wani har yana ihu wai mun manta hanya ne. Ban yafe masa ba, na gane hularsa.

A kan gadon da ake tura marasa lafiya Bebi ta fito, ko ɗakin haihuwa ba mu kai ba. Nas ta ɗaga ta ta ce, "Barka, da kai ta zo, lafiya lau." Inna ta ce to alhamdulillahi, yau dai an samu mutum ɗaya a gidan nan da ya san gaba. Kukanta kuwa, kai! Kuma tana da ɗan lotsawa a kumatu irin nawa, duk wanda ya ce Abbanta ta biyo bai duba da kyau ba.

Marigayiya ta bar ƙanwarta Ribas, wadda ta yi abin da ba aikinta ba, Allah ya saka mata. Ta bar Firi, na tsakiyar sanda, wanda bai taɓa tsinana komai ba tun tana raye. Ta bar kebur, da aka ɗora wa laifin da bai ji ba bai gani ba. Ta bar farfela cikin takaba, da noti biyu marayu a aljihun Yaya.

Yanzu ga dalilin sanarwar. Abban Bebi ya tsiyaye man ƙafar a gabana, yana ƙyalli da garin ƙarfe, haƙoranta ne suka niƙe. Amma Yaya ya zo barka, ya leƙa jirgin, ya ce suma giyar ta yi, a bar masa ita ya ɗan taɓa, kafin ranar rigakafin Bebi za ta tashi. Mijina kuma ya sunkuyar da kai ya ce to. To? Ni da ciki na shiga jirgin nan, na yarda, lokacin ba ni da zaɓi. Amma wannan 'yar da ko wuyanta bai tsaya ba, ba za ta hau ruwa kan giyar da aka ɗan taɓa ba. Giyar nan ta mutu. Na ji fitar ranta da kunnena, ina tsakiyar naƙuda, babu wanda ya fi ni kusa.

Za a yi mata wanka da kananzir ranar Asabar da safe, a bakin ruwa inda ake ɗaure jirage. Mai sayen tsohon ƙarfe ne zai ɗauki gawa a baronsa, na riga na aika masa. Ba a buɗe ta, ba a jijjiga ta, ba a cewa bari in ji wani abu. Duk wanda ya zo da sifana a aljihu ya tsaya daga nesa. Rigakafi a jirgin maƙwabci za mu je, har sai an sa sabuwa a hannun wanda ba mu haɗa kaka da shi ba. Ana karɓar gaisuwa da barka a wuri ɗaya, ɗakina, a wanke hannu kafin a ɗauki Bebi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, ya tura wa na kusa da shi, har ta kai wayar Yaya Babba kafin Asabar. Ƙaninsa ba zai iya kallon idonsa ya faɗa masa ba, ni ma da kunya a tsakaninmu. Amma in gari duka ya riga ya yi mana ta'aziyya, ai sai dai ya zo ya yi tasa.