Talotalon da Ya Narke a Satwa

Ba zan taɓa mantawa da Sallarmu ta farko a Dubai ba, wadda talotalo ya kunyata ni a gaban baƙi.

Lokacin muna ɗaki ɗaya a unguwar Satwa, ni da Baban Ummi, Ummi tana rarrafe. Shi tun sassafe yake fita aiki, ni kuwa sai kallon bango. Na san takun kowa a benen nan, amma ban san sunan kowa ba. Da ya ce matan abokan aikinsa biyu za su zo mana yawon Sallah, sai na ƙudura a raina: in na ciyar da su da kyau, ƙila su riƙa nemana.

A gidanmu a Funtuwa, Inna talotalo take kiwatawa don Sallah. Yawo yake yi, ya ci dusa ya ci fara, namansa da tauri, amma romonsa har maƙwabta sai sun ji ƙamshi. Na ce irinsa nake so. Baban Ummi ya tambaya, aka ce akwai a wata gona bayan gari, sai dai kuɗinsa ya kusa na ɗan akuya. Sai ya shigo da na kanti, daskararre, fari fat, ƙirji kamar matashin kai, ga arha.

Na yi masa yadda Inna take yi. Na daddatsa, na zuba gishiri da kayan ƙamshi, na ɗora tun hantsi na bar shi har azahar. (Na gida in bai sha wuta haka ba, haƙori ne zai faɗa miki.) Ina buɗe tukunya na ga ƙasusuwa suna iyo su kaɗai. Naman ya zama zare-zare, kamar dambu ya faɗa ruwa. Gishiri kuma, ashe da nasa ya zo. Ina tsaye riƙe da murfi aka yi sallama.

Anti Rabi, babbar cikinsu, ta ɗaga cokali ta duba.

"Maman Ummi, faten mene ne wannan?"

"Talotalo ne, Anti."

"Allah sarki. Me ya yi miki?"

Ɗayar, Maman Sadik, ta kusa ƙwarewa don dariya. Ni ma na yi, amma idona yana kan ledar ɗaki.

"Na nan ba ya son wuta, ƙanwata," in ji Anti Rabi. "Tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa gudu ba, ina zai samu tauri?"

Suka ci shinkafa, suka sha ruwa da yawa. Kafin la'asar sun miƙe, wai akwai wani gidan. "Za mu kira ki, inshallah." Na daɗe ina ajiye waya kusa da ni, har in ina wanka.

Faten nan ni da Ummi muka yi ta ɗumame. Ita da haƙoranta biyu har lasar hannu take yi. Yanzu dai na koyi tambayar inda nama ya tashi kafin in ba shi wuta. Na kuma gane wadda ya kamata in riƙa gayyata: mai haƙora biyun nan.