Ranar da Surukina Ya Riƙe Mini Kujera

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya same ni tsaye a kan kujera, ina kaɗa jitar da babu ita.

Sai na ɗan koma baya. Muna samari a Kaduna, akwai wani Bature mawaƙin rok da ya tafi da hankalinmu, ni da abokina Sale. Kaset ɗinsa guda ɗaya muke da shi, shi ma na yayan Sale ne. Batir ya yi sanyi mu shanya shi a rana, zaren kaset kuwa da biro muke mayar da shi. Sale ke riƙe tsintsiya a matsayin jita, ni in ɗauki ludayi ina rera Turancin da ni kaina ban san ma'anarsa ba. Mun yi alkawarin duk ranar da muka zama mutane sai mun je mun gan shi ido da ido. Sale bai kai ba, ya rasu tun kafin in yi aure.

Yanzu ni injiniya ne a Saudiyya, a wajen gine-ginen Dir'iyya da ke gefen Riyad, gemu ya yi fari fat. A unguwar Jaradiya inda muke zaune ni ake kira sasanta rigima, ni ake ba wurin zama na gaba a wajen suna. Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan girman shi ne Nura, mijin 'yata ta fari. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa ganin haƙorina ba. (Haka mahaifin matata Hajiya ya yi mini, ni kuma na ɗauka gado ne.) In ya zo gaisuwa tun daga bakin ƙofa yake durƙusawa, in amsa a taƙaice ina kallon waya. Na san dai yana aiki da wani kamfanin tsaro, amma ban taɓa tambayarsa abin da suke tsarewa ba.

Kwatsam sai na ga hoton mawaƙin nan a allon talla, wai zai zo Riyad a zagayensa na bankwana. Na sayi tikiti, na shiga kasuwar Batha na sayo baƙar riga da wandon jins, na ɓoye a but ɗin mota. Na ce wa Hajiya muna da zama da mutanen aiki.

"Alhaji, zaman aiki ne da wannan uban turaren?" in ji ta.

Na yi kamar ban ji ba. A cikin mota na sauya kaya, wandon ma sai da na riƙe numfashi ya shiga.

Filin wasan ya cika maƙil. Da mutumin ya fito sai jikina ya yi sanyi. Wanda yake tsalle a bayan kaset ɗinmu ga shi yana takawa a hankali, gashi ya sha rini, in waƙa ta kai inda ake ɗaga murya sai ya miƙo wa jama'a makirfo su ƙarasa masa. Har na fara jin tausayinsa, sai gwiwata ta tuna mini cewa ni ma da kyar na hawo matakala.

Can sai ya saki waƙarmu, ta farko a kaset ɗin, wadda zarenta ya taɓa tsinkewa Sale ya liƙe da jan farcen ƙanwarsa. Wallahi har ƙanshin ɗakin nan na ji. Hawaye suka zubo mini. Ban san lokacin da na haye kujera ba, na karɓi aikin Sale, ina kaɗa iska da yatsu ina girgiza kai, tumbi yana nasa kiɗan daban.

Sai na ji an taɓa ƙafata. "Ya hajj, inzil!" Wato dai in sauko. Na duba ƙasa a fusace, sai ga ma'aikaci cikin rigar tsaro mai ruwan ɗorawa. Nura.

Na ga lokacin da ya gane ni. Da Balarabe ne ko Ba'indiye da ya ja ni ƙasa an wuce wurin. Amma ɗan mutane, a tsakiyar dubban jama'a, sai ya zube ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, barka da yamma. An yini lafiya?"

Me zan ce? Ina sama, hannu ɗaya a wuyan jita, na gyara murya. "Lafiya lau, Malam Nura. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ya su Mama?"

Samarin Larabawan da ke kusa suka juyo da wayoyinsu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga bayansa kuma ga mudirinsu, wato shugabansu na aiki, yana daka masa tsawa, "Yalla, sauke shi!" Na san abin da ake nufi da ɓata wa mudir rai ga mutumin da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ke hannun kamfani, don haka na yunƙura zan sauko. Gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Kujerar ta fara rawa.

Nura ya kama ƙafafunta da hannu biyu, kansa dai na ƙasa.

"Baba, ku ƙarasa waƙar. Na riƙe."

Na kuwa ƙarasa, ina kuka, ni da tsohon da Sale. Sannan ya miƙo kafaɗa na dafa na sauko.

An yi masa faɗa, amma ba a kore shi ba. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa kowa ba. Ranar Juma'a ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Na ɗaure fuska, ta ƙi ɗauruwa. Dariya ta ƙwace mini har da tari, na ce ya taso ya zauna kusa da ni, na ba shi labarin Sale tun daga tsintsiya.

Darasin da na koya bai da yawa. In za ka riƙa ɗaure wa suruki fuska, ka fara tambayarsa inda yake aiki.