Ranar da Sauro Ya Mari Koci

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so, da safiyar da Sauro ya mare ni a gaban ɗalibaina. (Kuma na so ɗin. Na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen unguwarmu Lamisula ne suka ƙi ba ni haɗin kai.)

A shekarun nan ne da gari ya rikice. An hana hawa babur a Maiduguri, an sa dokar hana fita, kuma duk wanda zai wuce shingen jami'an tsaro sai ya ɗaga hannuwansa sama, yaro da babba, har ya yi nisa. Daga gidanmu zuwa kasuwa sai ka ɗaga ka sauke, ka ɗaga ka sauke, har kafaɗa ta yi tsami. Ni a lokacin ina da 'yar rumfa a bakin layinmu, ina cajin waya, ina tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Sana'a ce ta zaman jira, mai zaman jira da waya a hannu kuwa ba abin da ba zai kalla ba. A haka na faɗa kan wani tsoho mai sanƙo, baƙar fatar Amurka, yana koyar da damben boksin a intanet kashi-kashi. Turancinsa rabi nake ji, amma hannunsa ba ya buƙatar tafinta.

Na sauke kashin da ya nuna tsayuwa. Na sauke na naushin hagu, da na dama, da wanda ake lanƙwasowa ta gefe. Saura kashin kare kai, wato yadda ake tare naushi da yadda ake kauce masa. Na duba na ga data ta yi ƙasa, na ce wannan ai ba gaggawa, gobe ma rana ce. Goben nan aka yanke layukan waya a jihar baki ɗaya. Wata da watanni ba kira ba intanet, mai son jin muryar ɗan'uwansa na nesa sai ya shiga mota ya fita daga jihar. Ni kuma aka bar ni da rabin dambe a aljihu, ina yi masa kallon cikakke.

Na kalli bidiyoyin nan har na haddace tarin tsohon. Ina tashi in tsaya gaban madubin ɗaki in yi ta kai wa iska naushi, kuma wallahi iska ba ta taɓa ramawa ba. Tsohon yana da al'ada, kafin kowane naushi sai ya ƙirga da ƙarfi don masu kallo su bi shi: “Wan! Tu!” Ni ma na ɗauka har da ƙirgar, don a zatona tana cikin damben.

Kafin ka ce kwabo, labari ya bazu a layi cewa na iya boksin. (Ni na baza shi.) Samarin unguwa da aka raba da baburansu suna nan zube a gindin dogon yaro, ba aiki ba makaranta. Na farkon da ya zo wurina Modu ne, tsohon ɗan acaɓa, ɗan maƙwabciyarmu Ya Falmata. Yayansa an kwashe shi a wani samame tun bara, har yau ba labari, saura shi kaɗai a gaban uwarsa. Ya ce, “Koya mini mana, zaman nan zai haukata ni.” Shi ya fara ce mini Koci. Sunan nan ya shige ni fiye da yadda nake so in faɗa. Mutumin da duk rayuwarsa “mai caji” ake kiransa, yau ga shi Koci. Modu ya jawo abokansa, muka zama 'yar runduna.

Wurin horo kuwa na samu na gani na faɗa. Akwai wani ɗan kasuwa Ibo da ya kwashe iyalinsa ya koma gida da abin ya yi tsanani, ya bar wa Babanmu makullin gidansa amana. Tsakar gida mai faɗi, katanga doguwa, ƙofar ƙarfe. Na cika buhun masara da yashi na rataye. Na kai wa tela soson tsohuwar katifa ya ɗinka mana safar hannu. Na sayi usur. Kullum da sassafe mu shiga mu kulle ƙofa, don na ce musu sirrin sana'a ba a barinsa a fili. Daga waje ba abin da ake ji sai usur, da gurnanin samari, da dim, dim, dim, da muryata ina ba da umarni.

Ka ji ko? Samari marasa aikin yi, a gidan da ba kowa, ƙofa a kulle, ana horo. A Maiduguri. A wancan lokacin. Kowane mai hankali ya san yadda wannan zai sauka a kunnen maƙwabta, amma ni ina can ina gyara wa mutane tsayuwa.

Babanmu ya kira ni wata rana bayan la'asar. Ya ce, “Kai, me kuke yi a gidan mutane?”

Na ce, “Motsa jiki ne, Baba. Wasa ne na duniya, har lambar yabo ake samu.”

Ya daɗe yana kallona, ya ce, “Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ka maido mini makullin.”

Na ce to. Na maido masa, bayan na kai an yanka mini wani.

Wata rana Modu ya tambaye ni, “Koci, to in shi wancan ya kawo nasa naushin fa?” Na yi dariya irin ta manya, na ce wanda ya iya duka ba ya buƙatar kariya, abokin karawarka yana ƙasa yaushe zai kawo naushi? Suka jinjina kai. Ni ma na jinjina wa kaina, don amsar ta yi mini daɗi.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗan ɗaga, muna tsakiyar dukan buhu, sai muka ji an doki ƙofa duka irin wanda ba sallama a cikinsa. Kafin in kai hannu an ɓalle sakata. 'Yan sintiri ne, samarin nan masu gora da adda da suka tashi farautar mutanen daji a cikin unguwanni. Suka cika tsakar gida. A bakin ƙofa na hango motar a-kori-kura tana jira, bayanta a buɗe. Duk ɗan Maiduguri ya san ma'anar motar nan. Wanda ya hau ta, uwarsa takan fara yawon ofis-ofis da hotonsa a hannu.

Aka durƙusar da mu a rana. Mutanen layi suka taru a ƙofa, wasu a kan katanga. Bulama, mai unguwarmu, ya iso yana haki, hularsa a karkace. Can bayan mutane na ga Ya Falmata, ko mayafi ba ta gama yafawa ba, idonta a kan Modu kawai.

Shugaban 'yan sintirin, wani gajere mai kauri da suke ce wa Kwamanda, ya zagaya buhun, ya ɗaga safar soso da bakin gorarsa.

“Waye babba a nan?”

Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe. Ni ne kocinsu.”

“Koci. Wa ya koya maka?”

Na miƙa masa waya. Ya kalli tsohon mai sanƙo na ɗan lokaci, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Bulama ya matso yana cewa, “Kwamanda, yaran nan namu ne, a gabana aka haife su. Shirme ne kawai na yarinta.”

Kalmar shirme ɗin nan ta soke ni. Ina durƙushe, mota na jira, amma abin da ya dame ni an ce wa aikina shirme.

Kwamanda ya ce, “Shirme ne ko horo ne, yanzu za mu gani. Kai Koci, tashi. Ka ce wasa ne, to nuna mana wasan. Sauro, ajiye gorarka.”

Sauro ya fito. Wanda ya raɗa masa sunan nan bai zalunce shi ba: dogo ne siriri, wuyansa kamar sillen kara, riga na yawo a jikinsa. Aka miƙa masa safa ya ce ba ya so. Ni kuwa Modu ya ɗaura mini tawa. Ya raɗa mini, “Koci, a hankali.” Na ɗauka tausayin Sauro yake ji.

Ga abin da ke raina a lokacin, kuma ba zan ƙawata shi ba. Na ce yau ranar ta zo. Zan kwantar da siririn nan da naushi biyu, Kwamanda ya ga boksin na gaskiya ne, a sake mu, gobe duk Maiduguri ta san sunana. Har na hango 'yan sintirin suna zuwa neman in horar da su.

Na gyara tsayuwa, ƙafar hagu a gaba. Na fara ɗan tsalle-tsallen da tsohon yake yi, ina zagaya Sauro. Shi yana tsaye hannuwa a sake, yana bina da ido kamar mai kallon kaza tana tono. Na matsa, na cika ƙirji, na ce, “Wan!” Na kai naushi. Mutumin da aka sanar da shi ai ba ya tsayawa. Ya ɗan ja baya, na naushi iska, tsohuwar abokiyar karawata. Na ce, “Tu!” Ya sake matsawa. Na buɗe baki zan ce “Tiri”, sai na ga tafin hannu yana tahowa.

Mari ne. Mari na gida, irin wanda ake yi wa yaron da ya zubar da miya. Babu shi a bidiyo ko ɗaya. Kunnena ya ɗauki kiɗa, na ga taurari da rana tsaka, gidan Ibo ya juya. Sauro ya sake ɗaga hannu. A nan ne jikina ya nemi kariya, ya lalubi duk abin da na koya masa, bai sami komai ba sai abu ɗaya da garin nan ya koya masa shekara da shekaru. Hannuwana biyu suka tashi sama cak, har da safar soso, kamar na iso shingen bincike. Na ji bakina yana cewa, “Ɗan gari ne, Oga! Ɗan gari ne!”

Sai wani a kan katanga ya fashe da dariya, daga nan kuma ta kama kowa. 'Yan sintiri suna dogara gora suna riƙe ciki. Sauro kansa ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Ni ina tsaye hannu a sama, don ba wanda ya ce in sauke. Ɗalibaina ne kaɗai ba su yi dariya ba. Sun sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi marin zafi.

Kwamanda ya yi dariya har ya ƙware. Da ya samu numfashi ya ce, “Wannan ne aka ce yana horar da mayaƙa? Wannan ko akuya ba zai horar ba. Bulama, kwashe yaranka. Kai kuma Koci, sauke hannun haka, ka wuce shinge.” Suka farke buhun, yashi ya zube, suka tafi da usur ɗina. Motar ta juya ba kowa a bayanta.

Da yamma Bulama ya zo gidanmu. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya dafa kafaɗata a gaban Babanmu ya ce, “Yaron nan yana da kai. Ka san abin da Kwamanda ya raɗa mini kafin su fara? Ya ce in Kocin nan ya kayar da yarona, to horo ne na gaske, duka zan kwashe su. Ashe ɗan naka ya gane. Ya zubar da girmansa ya tsirar da 'ya'yan mutane.” Babanmu ya juyo. Ya dube ni kawai, irin duban wanda ya san abin da ya haifa.

A nan na fahimci abin da na kusa jawowa. Da naushina ɗaya ya sauka inda na nufa, da Modu ya bi yayansa. Ashe “a hankali” ɗin da ya raɗa mini roƙona yake, shi ya gane abin da ni Koci ban gane ba. Na ɗora rayukan 'ya'yan mutane a faifai, ina tsalle-tsalle a kai ina neman suna.

Washegari Ya Falmata ta shigo da kwano a rufe, burabusko da miyar kuka har da nama, a lokacin da nama sai wane da wane. Ta durƙusa, babbar mace, sa'ar mahaifiyata. Ta ce, “Wushe, sannu, ɗana. Na ga abin da ka yi. Ka bari aka mare ka saboda Moduna. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini.”

Na buɗe baki in gaya mata da gaske nake damben, da dukkan ƙarfina, ban iya ba ne kawai. Na rufe. Na ce amin. Na kuma cinye abincin tas, don kunya ba ta taɓa hana ni ci ba.

Da aka maido da layin waya, kashin kare kai yana nan yana jirana. Ban sauke ba. Modu bai sake ce mini Koci ba, amma sauran unguwa sun riƙe sunan, sun yi masa ƙari. Har yau, da aurena da 'ya'yana, in na ratsa Lamisula sai wani ya ɗaga hannuwa sama daga cikin shago ya ce, “Ɗan gari ne!” Ina murmushi in wuce, ina zaginsa a zuci.

Darasin da na koya? In za ka sauke karatu, sauke shi duka kafin ka tara ɗalibai. Wannan shi nake gaya wa mutane. Ɗayan kuwa, wanda ba na faɗa, shi ne na yi rayuwa a garin da iyawar saurayi kan kai shi bayan mota, rashin iyawarsa ta maido shi gida. Alheri mafi girma da na taɓa yi wa wani a duniya, na yi shi ne don ban iya komai ba. Ya Falmata har yanzu tana sa ni a addu'a, ni kuma har yanzu ina cewa amin.