Wanduna Dozin Ɗari Huɗu Na Jiran Izini

Sham Shui Po, Hong Kong
Nuwamba, 1962

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Ƙidayar Tufafi, Landan,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta talaka ga na sama, ina fatan sanyin bana bai matsa muku ba, musamman daga ƙugu zuwa ƙasa.

Ni ce mai kekunan ɗinki tara a wani bene, hawa na biyar. Kayan barci muke ɗinkawa, riga da wando, ba mu taɓa raba su ba sai bana.

Na ɗaya, ina godiya da 'yancin da kuka ba mu. An ce yanzu Hong Kong ke yanke wa kanta shawara kan cinikin tufafi. Wakilanmu sun zauna, sun sha shayi, suka rage abin da za mu sayar muku da son ranmu, daidai adadin da kuka aiko tun kafin a dafa shayin. Ashe son ranmu a durowarka ake ajiye shi?

Na biyu, takardar izinin fitar da kaya ta yi wa riga kasonta, wando kasonsa. Kason wando manyan masana'antu sun lashe shi tun Agusta. Sai jirgi ya tafi da rigunana dozin ɗari huɗu, wandunan suka tsaya. Na je ofishin gwamnatinmu na nan, aka ce a tambayi Landan. Landan ta amsa cewa ai mu ke da ikon kanmu.

Na uku, ba don rashin kunya ba, me mazan Ingila ke ɗaurawa in za su kwanta? Labule?

Na huɗu, wanduna sun cinye mana ɗaki. Maigidana Pun yana kwana a kan dozin talatin, ya ce bai taɓa samun katifa irinta ba, yana ma roƙon kada ka saurare ni. Babbar mai ɗinkina, A-Ngan, ta ce, "Uwar ɗaki, mu huda gindin wandon kawai don kai ya wuce, mu ce riga ce mai dogon hannu. Wa ya taɓa auna hannun Bature?" Mun gwada a jikin Pun. Da almakashi muka fito da shi.

Na so in aiko maka wando ɗaya kyauta, sai na tuna zai haura kaso. Ga zariyarsa a cikin ambulan, na duba takardar ba ta hana zariya ba. Ka riƙe kafin sauran ya iso.

Abin da ke hana ni barci shi ne, mai kantin da ya karɓi rigunan ya ce in wanduna ba su hau jirgi kafin ƙarshen wata ba, ya daina sayen kayanmu. Ranar zan sallami mata tara, kowacce da bakunan da take ciyarwa, kuma zuciyata na ƙuna. Amma kada hankalinka ya tashi, ranka ya daɗe. Zan rubuta cewa da son ransu suka tafi, na riga na koyi yadda ake yi.

Taka mai biyayya da son ranta,
Kwong Suk-yin