Mijin Tsohuwa Da Gilashin Taga

"Da hannu fa ta riƙe shi."

"Gilashin?"

"Da tafin hannu, na rantse. Ina shanya na hango ta. Abin nan na tashi, kowa na neman ƙarƙashin tebur, ita kuwa ta miƙe ta dafe taga kamar mai lallashin yaro."

"Allah ya kyauta. Jikanta ya sani?"

"Wa zai gaya masa? Yi shiru, ga shi nan yana hawowa."

Ya riga ya ji. Ya gaishe da matan biyu a bakin matakala, ya wuce da leda a hannu da bargo a kafaɗa. Direban motar asibiti ne. Tun da faɗa ya matso bayan gari, yawancin waɗanda yake kwasa ba bam ɗin ne ya taɓa su ba, gilashin tagoginsu ne ya tarwatse musu a cikin ɗaki. A hawa na biyu kakarsa take, ita kaɗai, gadonta manne da bango a ƙarƙashin babbar taga.

"Lafiya lau, Dogo," ta amsa tun bai ƙarasa sallama ba. "Sai dai mijina ya gudu ya bar ni. Ka gan shi a hanya? Wani mai wuya kamar sandar tuta."

"Ga ni na dawo, Amarya. Na zaga gari kaf ban samu wadda ta kai ki rashin haƙora ba."

"Haƙoran ai kai ka cinye su da rowa. Me ka kawo min a leda? Turare ko zane?"

"Salatif."

"Me?"

"Salatif, na manna wa taga. Da bargo."

"Kun ji ko? Mazan mutane na kawo sarƙa, nawa ya kawo abin ɗaure kwali. Aika ni za ka yi a mota?"

"Wa zai karɓa? Kaya ne da aka daina yayinsu."

Ta yi dariya, gajeriya, ta tsaya. Shi kuwa idonsa na kan taga. An cusa tsummoki a duk wata kafa, an ɗaure sakatar da igiyar zane, ƙulli a kan ƙulli.

"Wane ne ya yi wannan aikin?"

"Matarka. Karkarwa yake yi idan an buga, kamar mai zazzaɓi. Na ɗaure shi ya natsu."

"Kin ɗaure shi ya fashe dai. Amarya, ba ƙarar ce ke fasa gilashi ba, iskar da ke biyo ta ce. Tana zuwa kamar an banko ƙofa. In ta tarar da taga a sake, ko ta samu hanyar wucewa. In ta tarar da ita a ƙame kamar haka, gilashin ne zai sha dukan."

"To salatif ɗin naka zai hana?"

"Ba zai hana ya fashe ba. Zai dai riƙe wasu ɓaraguzan, kada su taso duka. Bargon ya tare saura. Babban maganin shi ne gadon nan ya bar nan wurin."

"Gadona?"

"Ya koma can, bayan ƙofa, inda bango zai kare ki."

"Ashe yau aure zai mutu."

"Ni ne maigida. Inda na ce gado ya zauna, nan zai zauna."

"Maigidan wa? Da wannan gadon na zo daga gidan ubana, tun ba a haifi uwarka ba. Ko ƙusa ɗaya ba ka da ita a jikinsa. Kai da na yi wa tsarki a kansa!"

"Kar ki tona min asiri, maƙwabta na ji."

"Su ji. Miji mai fitsarin kwance!"

Ya hau kujera, ya fara zare tsummokin ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa ƙasa. Bai juyo ba ya ce, "An ce min har dafe shi kike yi da hannu."

"Masu shanya sun fi rediyo."

"Gaskiya ne?"

"In na ɗora hannu yana yin shiru."

"Jiya na ɗauki wata mata, ba ta kai ki shekaru ba. Labule kawai ta je ja." Ya jefar da tsumma na ƙarshe. "Ba zan ƙarasa miki ba."

Ya zaro salatif daga leda. Ƙarar salatif kaɗai ake ji, fiiit, fiiit, yana jan sa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya gitta, ya sake gittawa, yana shafewa da gefen hannu. Da ya ɗaga bargon zai rataya, sai ta kama bakinsa ta riƙe.

"Wannan kam a'a."

"Saki, Amarya."

"Dogo, zo kusa. Yatsu nawa ka ɗaga?"

"Ban ɗaga ba."

"To ka gani. Da ka ɗaga ma ban sani ba. Fuskarka na daɗe ban gani ba, Allah ya hutar da ni. Amma tagar nan ina ganinta. Fari ne murabba'i a cikin duhu. In ta yi fari na san gari ya waye, in ta yi ja na san rana ta tafi. Ka kai ni bayan ƙofa, ka rufe ta da bargo, ai ka binne ni ban mutu ba."

Yana tsaye a kan kujera da bargo a hannu, abin ya tashi.

Ƙasa ce ta fara amsawa, daga baya ƙarar ta iso, dum, mai nauyi, kamar an saki buhu a kan rufin. Kofuna suka yi kuka a kan tebur. Tagar, da yake ya kwance sakatar, ta buɗe da kanta ta bugi bango ta dawo, gilashin yana rawa cikin katako. A waje wata mota ta ɓarke da jiniya, wani na ƙwala wa yaransa kira.

Hannun tsohuwar ya riga ya miƙe. Ya diro ya cafke wuyan hannun, saura kaɗan ya taɓa gilashin. Suka tsaya a haka har rawar ta lafa.

"Ka karya ni," ta ce a hankali.

"Yi haƙuri."

Ya saki hannun. Ya cire takalmansa, ya haye gadon, ya miƙe a gefen bango, daidai ƙarƙashin tagar, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ƙafafunsa sun zarce ƙarshen katifa.

"Me kake yi?"

"Na yarda, gadonki ne, ba zan taɓa shi ba. Amma ai miji yana da gefensa. Na zaɓi wannan."

"Tashi."

"Kullum na tashi daga aiki nan zan zo in kwanta. In ya zubo, ni zai fara samu. Ke ki ci gaba da kallon farinki ta saman kaina."

"Dogo, ba na son sakarci. Tashi daga wurin nan."

"Wurin lafiya lau ne, ke kika faɗa."

"Ni tsohuwa ce, na ci nawa. Kai kana da 'ya'ya."

"Da wace matar? Ke ko ɗaya ba ki haifa min ba."

"Ka tashi, na ce!"

Ta lalubo, ta sami kunnensa, ta murɗa kamar yadda take yi masa yana ƙarami. Bai motsa ba. Ta bar kunnen, tafinta ya sauka a goshinsa, ya zauna a wurin. Daga nesa aka sake bugawa, ƙarama, gilashin ya ɗan yi tsuwa a saman kansu. Ya ji yatsunta sun ƙame.

Sai ta saki wata dariya mai haɗe da majina.

"Kai, Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗaura wannan aure. Ba kuɗi, ba kyau, sai taurin kai."

"Gado na yi."

"Na sani, a wurina. Sauka, ka ci nasara. Ka leƙa ka kira mijin mai shanya ya kama maka gadon, katakon mutanen da ne, ba irin ƙashinka ba. In kuka goge min fenti, sai na kai ka ƙara."

Ya sauko, ya ɗora ta a kujera can cikin lungu, ya rataya bargon a kan ƙusoshi. Ɗakin ya dushe nan take. Ya ga ta juya kai dama da hagu, tana neman inda tagar take. Ya kama hanyar ƙofa.

"Maigida."

"Na'am."

"Kafin ka sauka, ɗage min gefen bargon daga sama, ko faɗin yatsu biyu ne. In san ko da sauran rana."