Mabuɗin da na kai ƙara

Abubuwa da yawa na manta a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a ofishin Madam mai makaranta ba, ranar da na shiga da kafaɗa a ɗage domin in sa a kori wata baiwar Allah daga aiki.

Sana'ata haɗa shafukan intanet, ina da ɗan shago a Nasarawa Gwom. Kun san hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofar nan da ke fitowa a gefen adireshin shafi? Alama ce cewa shafin yana da satifiket na tsaro, kuma kowane satifiket yana da mabuɗin sirri wanda mai shafin kaɗai ya kamata ya riƙe. In mabuɗin ya fita, ɓarawo zai iya yin shiga irin ta shafin ya yaudari mutane. A lokacin na ɗora wa kaina aikin sa-kai: in bi wuraren da masu irin aikinmu ke baje ayyukansu a fili, in na tsinci mabuɗin wani, in kai rahoto ga kamfanin da ya ba da satifiket ɗin, su soke shi. Aikin lada ne. (Gaskiyar magana, daɗin kama mutane da sakaci ya fi ladan jana.)

Wata Talata na tsinci mabuɗi a asusun wani da ban sani ba. Da na gwada, sai ga shi na wata makaranta ce mai zaman kanta a Rayfield, wadda ni da hannuna na haɗa wa shafi. Mai hankali zai fara kiran makarantar, a sa sabon satifiket, sannan a soke tsohon. Ni kuwa zumuɗi ya kwashe ni, na aika rahoto nan take. Washegari aka soke shi, ranar da iyaye ke duba sakamakon jarrabawa. Wasunsu suna buɗe shafin sai jan gargaɗi ya tare su cewa kada su shiga.

Mutum biyu ne ke da mabuɗin: ni, da Ladi, malamar kwamfuta da ke kula da shafin. Tunda ni ba na kuskure, ai lissafin ya fito. Na kira Madam, mai makarantar, na shaida mata cewa daga cikin gidanta ɓarakar take. Har na ƙara da cewa irin wannan sakaci ba a yi masa afuwa. Ladi kuwa mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu a makarantar suke karatu albarkacin aikinta. Na san wannan sarai, ban ko tsaya a kansa ba.

Na hau keke Napep zuwa Rayfield ina tsara jawabi a raina. Na tarar da Ladi tsaye, Madam zaune, takardar sallama a kan tebur ba a sa hannu ba tukuna. Na yi bayani na kusan minti goma, har da zana hoto a bayan ambulan. Ladi ba ta katse ni ba. Da na gama ta roƙi in nuna musu ainihin wurin da na tsinci mabuɗin.

Na buɗe kwamfuta da alfahari, na juya musu fuskarta. A lokacin ne na karanta abin da ban tsaya na karanta ba jiya. Sunan jakar da mabuɗin ke ciki “Darasi na uku”. A ƙarƙashinta akwai bayanai da irin rubutuna, har da sunan shagona.

Duk Asabar ina koyar da manya haɗa shafi a wani aji a Tudun Wada. Watanni baya na yi ƙyuyar shirya misali, sai na kwafi jakar aikin makarantar gaba ɗaya a filashi, ɗalibai suka yi ta miƙa wa juna. Ɗayansu ya baje tasa a intanet. Ni na raba mabuɗin, kamar goron ɗaurin aure.

Madam ba ta gane komai a allon ba. Ta dube ni ta ce, “Injiniya, to me ya nuna? Ita ne ko ba ita ba ne?”

Ladi ta gane. Ta kalli allon, ta kalle ni. Nan ne abin da ya fi ba ni kunya har yau: ban amsa nan da nan ba. Na yi ɗan tari, na gyara zama, zuciyata tana lalubo wata kalmar Turanci mai nauyi da za ta rufe maganar. Da a ce na samo ta, da Madam ta yarda.

Ban samo ba, ko in ce Allah bai ba ni ba. Na ce, “Madam, ni ne. Ba ruwan Malama Ladi.”

Madam ta cire tabarau ta daɗe tana kallona, sannan ta tuna mini, kalma bayan kalma, abin da na ce game da afuwa. Ta yaga takardar, ta ce in zauna nan in gyara shafin a gabanta. Ladi ce ta riƙa miƙo mini abin da nake buƙata.

Da za mu fita na tsaya a baranda ina ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Sai ta ƙara, ba tare da ɗaga murya ba, “Amma oga, da ban ce ka buɗe ba fa?”

Da yamma kamfanin ya aiko mini da saƙon godiya saboda sa ido da na yi. Har gobe ina kai rahoton mabuɗan da suka fita, domin aikin yana da amfani. Sai dai yanzu duk binciken da zan yi, akwai mutum ɗaya da nake fara tuhuma, kuma ba na ba shi beli da wuri.