Akwatin da Na Yi wa Lulluɓi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwata Rakiya ɗakin miji a Djougou ba, ranar da na tsaya gaban mata cike da falo na ɗora wa bayin Allah laifin da ba nasu ba.

Kafin Inna ta rasu, ta sa na ɗauki muryarta a waya tana yi wa Rakiya nasihar aure, ta ce a kunna mata ranar tafiya. Wayata kullum a cike take, sai maigida ya sayo mana wani ɗan baƙin akwati a Parakou na ajiyar hotuna da murya, a jona shi da wuta, a duba abin da ke ciki ta waya. Na zuba muryar Inna a ciki, na goge ta daga wayar (kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba).

Dama akwai 'yar tsama tsakanina da kamfanin da ya ƙera shi. Bara sun turo sabon gyaran manhaja, mizajur ɗin nan, na danna, hotunan sunan 'yata suka ɓace kwana uku kafin su dawo da su da ban haƙuri. Tun daga nan na daina yarda da su. Ana jibi biki kuma wata mizajur ta iso. Na yi bisimilla na danna.

A Djougou na jona akwatin tun da safe a falon Goggo, yayar Inna. To, muryar uwata ce a ciki, ba zan bar ta tsirara a kan tebur kamar kwanon goro ba. Na naɗe shi da ɗankwalin Inna, na ɗora masa ƙyallen rufe talabijin mai ado, na kuma ajiye kaskon turaren wuta a gefensa.

Bayan la'asar mata suka taru, Rakiya tana kuka a cikin mayafi. Na buɗe waya. Babu akwati, babu murya. Na sake gwadawa har sau bakwai.

Nan na miƙe na yi huɗuba. Na ce kamfanin nan ya cinye muryar uwata, duk gyaransu ɓarna ce, duk wadda ta saya ta yi asara. Na kira lambarsu, na buɗe murya don kowa ya zama shaida.

Wata mata ta ɗauka, ta bar ni na zazzage Faransancin makarantata tas. Sannan a hankali ta ce in kunna bidiyo ta ga akwatin. Na juya kyamara. Ta ƙura ido, sannan ta ce:

"Madam, ina akwatin?"

"Ga shi nan, a cikin lulluɓi."

"Wannan hayaƙin fa?"

Goggo ta zungure ni. "Ke, me take cewa? Ke ce mai bokon."

Haka na fassara kunyata da bakina. "Ta ce zafi ne ya yi masa yawa, ya tsaya don kada ya ƙone. A tuɓe shi ya sha iska."

"Wato ke kika gasa shi," in ji Goggo. "Amarya ɗaya muke da ita a gidan nan, kin ƙaro mana ta biyu, har da turare."

Ko Rakiya sai da mayafinta ya girgiza.

Matar nan ba ta ajiye waya ba. Ta jira Goggo tana yi wa akwatin fifita da mafici, ni ina ta salati a zuci, har 'yar koriyar fitila ta kama. Na danna. Sai ga muryar Inna, ras, kamar tana zaune a kan tabarma:

"Rakiya, 'yata, in abu ya ɓaci a gidanki, fara duba hannunki kafin ki ɗaga murya."

Falon gaba ɗaya ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa hawaye nake yi, ko a jikina, tunda Inna ta dawo.

Na nemi gafarar matar, sau uku, don haƙƙi ba abin wasa ba ne. Yanzu akwatin yana kan tebur a gidanmu na unguwar Ladjifarani a Parakou, babu ko ƙyalle. Har gobe ina yin bisimilla kafin in danna mizajur, amma in abu ya tsaya, sai na ɗaga ɗankwali na leƙa kafin in hau mumbari.